Waya, dikoda, filashi ko sifika: da me za ki riƙa bin fina-finan kimiyya kina aikin gida?

Masu kallon fina-finan soyayya ba su san wahalar da muke sha ba. Su in sun tashi duba tukunya suka dawo bayan minti goma nan za su tarar da labari inda suka bar shi, uwar miji na nan tana faɗa, yarinya na nan tana kuka. Mu kuwa masu bin fina-finan kimiyya masu dogon zango, kina juya baya ki zuba magi kafin ki waigo kumbo ya bar wannan duniyar ya sauka wata, ko an tsallaka shekara 33 gaba, wanda kika bari yaro yanzu ga shi da furfura kuma ba wanda zai tsaya ya miki bayani. Ga aikin gida ba ya ƙarewa, lokacin miƙe ƙafa babu shi sai dare, daren kuma barci ne ke sace mutum tun kafin a gama waƙar farko. To dole a haɗa biyun. Tun 1962 The Jetsons ke nuna mana mutum-mutumi mai shara da wanke-wanke, yau sama da shekara 60 ke nan, har yanzu dai mu ne da soso da baho.

Wannan rubutun na wadda kuɗin hannunta ba su da yawa ne kuma ta rasa inda za ta sa su: data da Netflix a waya, ko biyan dikoda duk wata, ko filashi a soka a talabijin, ko a haƙura a tara a sayi tablet. Ina cewa "ki" ne don mu muka fi yawa a kicin, amma tuzurai da ɗalibai da 'yan hidimar ƙasa masu wanki da guga da kansu, ku ma da ku nake.

Kafin a zo kan kuɗi: wane aiki, wane fim?

Nan mutane ke yin kuskure, su fara da girman allo. Ni a wurina abin da ya kamata a fara tambaya shi ne aikin nan me ya ƙwace miki, hannu kawai, ko hannu da ido, ko har da ƙafa. Aikin gida kashi uku ne in aka duba ta wannan fuskar. Akwai na zaune: ninke kaya, gyaran zogale ko alayyahu, ɓarar gyaɗa, tsifar kai, tsintar wake (shinkafa kam tana cin ido fiye da wake, kar ki yaudari kanki). Akwai na tsaye wuri ɗaya: wanke-wanke, wanki, guga, girki. Sai na yawo: shara, mofin, goge-goge, shanya, kwashe shanya in hadari ya taso. A na zaune idonki na samun allo kusan rabin lokaci, a na tsaye sai dai leƙe, a na yawo kuwa ido ya tafi gaba ɗaya. Abu ɗaya ne bai taɓa tafiya ba a duka ukun, kunne.

Su ma fina-finan ba ɗaya ba ne. Tsofaffin irin su Star Trek: The Next Generation, wanda aka yi daga 1987 zuwa 1994 kashi 178, ko Stargate SG-1 na 1997 zuwa 2007 mai kashi 214, an yi su ne lokacin da talabijin ke falo mutane na kaiwa da komowa, kusan kowane kashi da labarinsa, a fara a gama cikin minti 45, kuma surutu ya fi yawa. A Star Trek ma kyaftin ɗin da bakinsa yake faɗa miki inda suke da abin da ya kawo su tun a farkon kashi. Waɗannan ko daga tsakar gida kina jin su kin gane. Doctor Who na BBC, wanda ya faro tun 1963 aka dawo da shi a 2005, shi ma yawanci haka yake sai dai suna magana da sauri da irin Turancin mutanen Ingila, sai kunne ya saba. A ɗaya gefen akwai irin su Dark na Jamus, 2017 zuwa 2020, kashi 26 kacal amma mutum ɗaya 'yan wasa biyu ko uku ke fitowa a matsayinsa gwargwadon shekarunsa, in ba ki ga fuska da tabo ba kin ɓata. The Expanse ma, 2015 zuwa 2022, ga siyasa tsakanin ɓangare uku ga wani yare da suka ƙirƙiro wa mutanen da ke zaune a duwatsun sararin samaniya, wannan ba na wanke-wanke ba ne ko da wace na'ura kike da ita.

Ma'aunan da zan bi

Kuɗi, na saye da na kowane wata, don na watan shi ke kashe mutum a hankali. Wuta, wato in NEPA sun ɗauke me ya rage. Ɗorewa a gaban ruwa da kumfa da maiƙo da tiriri da ƙurar hunturu da zafin bazara. Sauƙi, musamman abu biyu: za ki iya tsayar da fim da jiƙaƙƙen hannu, kuma za ki iya ɗaukarsa ki bi aiki da shi? Sai haɗari, wanda ya haɗa da na tukunya, na lantarki, da na abin da idon yara zai faɗa a kai.

1. Waya ita kaɗai

Kowa da ita ya fara don tana hannu, ba sai an sayi komai ba. Kuɗinta a data yake. A tsakiyar 2025 tsarin Netflix na waya ya koma ₦2,500 a wata, na sama da shi ₦4,000, ₦6,500 da ₦8,500, kuma a farkon 2025 ɗin ce hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100, to lissafin da kika sani a da ya canja. Tsarin wayar bai hawa talabijin, waya ko tablet kawai, na'ura ɗaya, hoto daidai misali ba mai kyau can ba, amma a ƙaramin allo ba za ki damu ba. Abin da mutane da yawa ba sa taɓawa shi ne wurin saita cin data a cikin manhajar: in kin sa a tsimi, giga ɗaya na kai ki wajen awa 6, wato kashi takwas na minti 45, in kin bar shi ya zaɓa da kansa wajen awa 4. Kwatanta da talabijin mai intanet da ke iya lashe giga 3 a awa ɗaya in hoton mai kyau ne. Dabarar da ta fi ita ce ki sauke kashi biyar ko shida da datar dare ki kalla da rana ba tare da intanet ba, sai dai ki sani wasu kan mutu bayan 'yan kwanaki in ba a kalla ba, kar ki tara zango guda ki manta. In babu kuɗin Netflix kwata-kwata akwai tashar DUST a YouTube, gajerun fina-finan kimiyya kyauta, da yawansu ba su wuce tsawon wanke kwanukan rana ba.

Wajen wuta ba ta da na biyu, caji ɗaya da fawa bank sun wuce da ke yini. Wajen ɗorewa ne take da rauni, kuma raunin mai tsada ne don wayar nan ita ce bankinki, ita ce kasuwarki in kina sayar da kaya a WhatsApp, ita ce hotunan yara. A jingina ta da gwangwanin madara a bakin wurin wanke-wanke, hannu ya goge ta, shikenan ta yi nutso. Ko wadda aka rubuta mata IP67 ko IP68, wato alamar jure ruwa, gwajin da ruwa zalla aka yi shi, ba ruwan omo mai ɗumi ba, kuma in an taɓa buɗe ta a wurin gyara ki ɗauka kariyar ta tafi. Ga zafi: masu ƙera waya da kansu kan ce kar a yi aiki da ita a wurin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu inuwa ma ta haura 40, balle kusa da murhu, ga ta a caji, ga fim na tafiya. Batir ɗin da ya kumbura yawanci irin wannan rayuwar ya yi.

Sauƙi kuwa rabi da rabi. Ana ɗauka ko'ina amma allo ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa, ki danna tsaya ya tsallake gaba, kuma muryarta ba ta iya ja da ƙarar famfo ko suyar albasa. Sai ki ga kina matso da ita kusa da ruwa don ki ji, wanda shi ne ainihin abin da bai kamata ba.

2. Waya da sifikar Bluetooth, ko iyafis a kunne ɗaya

Wannan ita ce wadda zan fi daɗewa a kai don ita nake ganin ta fi dacewa da yawancinmu, kuma ita aka fi rainawa. Ba wani sabon abu ba ne, wayar nan dai ce, amma an raba hoto da murya. Waya ta hau can saman kanta ko taga inda ruwa da tiriri ba sa kaiwa, sifika ta zo kusa da ke. Bluetooth na kaiwa wajen mita 10 in ba katanga mai kauri a tsakani, wato daga kicin zuwa igiyar shanya a yawancin gidaje. Sifikar na da maɓalli na gaske da za ki danna da bayan hannu ko gwiwar hannu fim ya tsaya, ba ruwanki da allo. In za ki saya ki nemi mai alamar jure ruwa IPX7 ko aƙalla IPX5, ita in kumfa ta fantsamar mata ki goge kawai, in ma ta mutu asarar ba ta kama ƙafar ta waya ba. A Farm Centre ko Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, suna nan iri-iri, ki sa a kunna miki murya ta magana ba kiɗa ba, don wasu sai dukan ganga suka iya, in mutum na magana kamar daga cikin rijiya yake.

Ga abin da ya sa na ce an raina ta. A Netflix, in kin shiga wurin zaɓen harshe, yawancin fina-finan da su suka shirya suna da wata murya ta daban da aka yi don makafi, sun fara sa ta tun 2015. Mai bayani ne ke shigowa a tsakanin maganganun 'yan wasa yana faɗin abin da ke faruwa, wane ya buɗe ƙofa, wance ta ɓoye wasiƙa, fitila ta ɗauke. Kina kunna ta fim ya koma wasan kwaikwayon rediyo, ki yi shararki daga ɗaki zuwa ɗaki ba abin da ya wuce ki. Stranger Things da Black Mirror duk ana bin su haka. Galibi da Turanci ne dai, wannan ita ce iyakarta, kuma da farko za ki ji mai bayanin ya cika baki, daga baya sai ki daina lura da shi. In fim ɗin a cikin wayarki yake ba a Netflix ba, manhajar VLC na iya ci gaba da murya ko an kashe allo, batir ya huta. YouTube na kyauta kam kina kulle allo yake yin shiru.

Iyafis mara waya ma na yin wannan aikin kuma ya fi sirri, in gidan yawa ne ko maigida na barci. Amma kunne ɗaya, don Allah kunne ɗaya. Ɗayan na kukan jariri ne, da sallama a ƙofa, da kiran salla, da ƙarar mai in ya fara ƙonewa. Kuma ƙananan nan suna son faɗawa cikin baho in kin sunkuya wanki, mai zagaye wuya ya fi su zama lafiya.

Inda wannan hanyar ta gaza: fim ɗin da dole sai an karanta fassarar ƙasan allo, na Koriya ko na Jamus in ba a juya muryar ba. Da a ce masu fassara irin su Algaita sun ba fina-finan kimiyya ƙarfin da suka ba na Indiya da an huta, amma a yanzu wadda Turancin kunne ke ba ta wahala za ta fi jin daɗin allo babba.

3. Talabijin da dikoda

Nan akwai gida biyu, na biya da na kyauta, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Na biya su ne DStv, GOtv, StarTimes, a Nijar kuma Canal+. Bayan ƙarin watan Maris na 2025, GOtv Jolli ya koma ₦5,800, Max ₦8,500, DStv Compact ₦19,000, kuma tashoshin da ke kawo sababbin fina-finan waje masu dogon zango galibi suna can a manyan tsare-tsare. In gidan na kallon ƙwallo da labarai da katun to dama ana biya, ki mora. Amma a ce don fina-finan kimiyya kawai za ki biya, gaskiya ban ga riba ba, kuma dalilin ba kuɗin ba ne kaɗai, lokaci ne. Su ke zaɓar ranar da sa'ar, ba ke ba. Fim na farawa ƙarfe tara na dare, aikinki na tara na safe. In ya zo daidai kuma ba ya tsayawa, tuwo ya isa tuƙi kin tashi, abin da ya wuce ya wuce sai maimaici. Dikoda mai naɗa irin Explora na magance wannan amma kuɗinta wani labari ne. 'Yan uwa na Yamai da Zinder suna da wata fa'ida da mu ba mu da ita: a Canal+ yawanci an juya muryar zuwa Faransanci, to wadda ta yi lakwal ba ta buƙatar kallon allo.

Na kyauta shi ne babban dish da ke kamo tashoshin Larabawa, MBC 2 da MBC Action da sauransu, wanda gidaje da yawa a arewa suka daɗe da shi. Sau ɗaya ake kashe kuɗi, dish da dikoda da mai haɗawa, babu na wata. Muryar Turanci, rubutun Larabci a ƙasa, kuma suna yanke wuraren da ba su dace ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne in a falo ake kallo da yara da surukai. Sai dai abin da suka sa shi za ki kalla, yau kashi na 4 gobe ki tarar da na 9, ga talla.

Duka biyun wuta suke so. Talabijin inci 32 na zamani ba ya ci da yawa, wajen wat 30 zuwa 50, ƙaramar sola ko inbata na ɗauka, dutsen guga ne mai cin wat 1000 zuwa sama. Abin dariyar shi ne ranar da aka kawo wuta ranar ce ta guga, to guga da talabijin dama tare suke zuwa. Wajen ɗorewa talabijin ya fi kowa don ba ya zuwa inda ruwa yake, abokan gabansa biyu ne, wuta in ta dawo da ƙarfi da kuma tsawa da damina. Sitabilaiza ko abin kare wuta ba ado ba ne. Dish kuma in hadari ya haɗu hoto ya tafi, iska in ta kaɗa shi sai an kira mai saiti.

Haɗarinsa na musamman shi ne yana falo tukunya na kicin. Waya na bin ki zuwa wurin aiki, talabijin kuwa janye ki yake daga wurin aiki, "bari in ga wannan wurin kawai" ita ce kalmar da ta fi ƙona miya a ƙasar nan.

4. Talabijin da filashi

Kusan duk talabijin na yanzu, har da dikodojin dish da yawa, suna da ramin USB. Ki zuba fim a filashi ki soka, rimot na tsayarwa, na komawa baya, babu data babu kuɗin wata, babu ruwanki da hadari. Filashi mai giga 32 na ɗaukar wajen kashi 100 in kowanne bai wuce mega 300 ba, wato guga ta wata da watanni. Ga mai aikin zaune wannan ta fi dikoda nesa ba kusa ba.

Matsalolinta ƙanana ne amma suna da yawa, gara ki san su. Na farko ba kowane fayil talabijin ke ganewa ba, MP4 na yau da kullum kusan kowa na buɗe shi, amma waɗanda aka matse da x265 tsofaffin talabijin kan ba ki murya ba hoto, ko hoto ba murya, ko su ce ba su san shi ba sam. Ki gwada kashi ɗaya kafin a cika miki filashi. Na biyu jabun filashi sun cika kasuwa, an rubuta giga 64 a jiki cikinsa bai kai 8 ba, zai karɓi komai lafiya lau sai kin zo kallo ki ga rabi ba ya buɗewa. In ya yi arha fiye da kima ki ajiye. Na uku cutar kwamfuta, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar miki na bogi (shortcut) a madadinsu, daga shagon masu turi ake kwaso ta, talabijin ba ta masa komai amma kar ki soka a laptop ɗin aikin maigida.

Sai maganar da ba a son yi: yawancin abin da ake turawa a shago ba da izinin masu shi ba ne, kuma Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Kowa ya san yadda ake yi, ni dai na faɗa. Wani abin kuma ba wanda ya tace miki shi. Black Mirror tun kashinsa na farko a 2011 ba abin kunnawa a falo ba ne, kuma sunan fim ba ya gaya miki abin da ke ciki. In yara na gida ki fara leƙawa a waya, ko ki tsaya a kan tsofaffin da aka yi don kowa da kowa. Ga yara ma akwai Iwájú na 2024, katun kashi 6 da ke nuna Legas ta nan gaba.

5. Tablet ko tsohuwar laptop

Ba zan ja ba. Tablet waya ce mai babban allo, tana gyara matsalar karanta fassara, tsarin Netflix na waya na aiki a kanta, kuma in ta faɗa ruwa ba ta tafi da lambobinki ba. In akwai ta a gida, ko ta yara da suka gaji da ita, a haɗa ta da sifika an gama magana. A saya sabuwa don wannan kawai, sai in kuɗin ba sa miki ciwo. Ta hannu ki duba batir kafin komai. Laptop kuwa a kicin a'a: tana shaƙar iska ta ƙasa, ta shaƙi maiƙo da garin tuwo, madannanta a buɗe, batirin tsohuwa ba ya kai kashi biyu, ga wayar caji a ƙasa inda ake zubar da ruwa. A kan tebur lokacin ninke kaya ba laifi.

A taƙaice cikin tebur

| Hanya | Kuɗin farko | Kuɗin wata | In babu wuta | Tsayarwa | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Waya kaɗai | babu | data da rajista | tana yi | da wahala | rauni | ruwa da zafi |
| Waya da sifika | kaɗan | data da rajista | tana yi | da sauƙi | mai kyau | toshe kunne biyu |
| Dikodar biya | matsakaici | mai yawa | ba ta yi | sai mai naɗa | mai kyau | barin tukunya |
| Dish na kyauta | matsakaici zuwa sama | babu | ba ya yi | babu | mai kyau | barin tukunya, tsawa |
| Filashi a talabijin | kaɗan in akwai talabijin | kusan babu | ba ya yi | da rimot | mai kyau | jabu, abin da ba a tace ba |
| Tablet | mai yawa | data da rajista | tana yi | da dama-dama | matsakaici | faɗuwa, yara |

Wa ya dace da me

In yawancin aikinki na kicin ne da tsakar gida, kuma Turancin kunne bai dame ki ba: waya a sama, sifika a kusa, a sauke da dare, a kunna muryar mai bayani. Kuɗin da za ki fara kashewa na sifika ne, ba na allo ba.

In kina da jariri ko tsoho mai jinya a gida: sifika a hankali ta fi iyafis, in dole sai iyafis to kunne ɗaya, kuma fim mai gajerun kashi wanda in an katse shi ba a yi asara ba.

In aikinki na zaune ne, ko ke mai guga ce da yawa, tela, mai kitso, mai ƙulla kayan sayarwa: talabijin da filashi, rimot a cikin leda don maiƙo. Nan ne kaɗai zan ce a gwada irin su The Expanse ana aiki, shi ma lokacin ninke kaya ba lokacin gugar shadda ba.

In gidan yawa ne, falo ɗaya, yara da manya: dish na kyauta, don tacewar da suke yi ta fi miki komawa baya da tsayarwa amfani. Naki na kanki ki bar shi a waya.

In dama ana biyan dikoda don ƙwallo: ki duba jadawalin maimaici na safe da rana, galibi shi ke faɗowa daidai lokacin aiki, kar ki ƙara ko sisi.

In unguwarku wuta sai an yi sa'a: duk abin da ke buƙatar soket ki cire shi daga lissafi, fawa bank mai kyau da memori mai giga 64 a waya sun fi miki talabijin inci 43 da ke rataye yana kallonki.

Tuzuru mai ɗaki ɗaya, kai komai naka na wuri guda, katifa da risho da bokiti, laptop ɗinka a kan kujera ta isa, ka dai ɗaga abin jona wuta daga ƙasa kafin ka fara wanki.

Akwai kuma ayyuka uku da ban yarda a haɗa su da kowane allo ba: suya da mai mai yawa, yanka da wuƙa mai kaifi, da canja tukunyar gas. A nan a tsayar da fim, ko a bar murya kaɗai. Dark kuma ki ajiye shi sai ranar da kika aika yara gidan kaka.